Ajiyar Rifkatu a Hannun Kakata

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, malamanmu masu daraja, Malam Tukur mai kula da wannan ɗakin karatu na Haɗeja, iyayena mata da ke can baya, da 'yan'uwana masu ɗaga waya suna ɗauka, barkanmu da zuwa. Sunana Shamsiyya. Karatuna bai yi nisa ba, sai ku yi haƙuri da ni. Na gode da aka ba ni dama.

Na farko, jakar fatar nan da ke kan tebur, Littafi Mai Tsarki na Kiristoci ne a cikinta, da Hausa. Malam Tukur ya duba, ya ce tsohon bugu ne na zamanin Turawa, irinsa sun yi ƙaranci.

Na biyu, yadda ya zo gidanmu. Kakata 'Yar'azumi tana amarya a Kirikasamma ta yi maƙwabtaka da wata ungozoma Kirista, Rifkatu, mutuniyar wajen Biu. Ita ta karɓi haihuwar babana. Da aka aiko mahaifinta ba lafiya, sai ta kawo wa Kaka littafin, ta ce ta riƙe mata zuwa bayan damina. Ba ta dawo ba.

Kaka ba ta taɓa buɗe shi ba. Amma ta sa baduku ya ɗinka masa jaka, ta zuba ganyen darbejiya saboda ƙwari, ta rataye shi can sama. Duk shekarar da kogi ya cika, kafin a kwashe shinkafa, kafin a kwance awaki, shi take fara saukewa. Mu jikoki mu yi ta tsokanarta, wai Hajiya ko coci za ki koma? Sai ta ce, "Kun ci gidanku. Addinin Rifkatu nata ne, amana kuwa tawa ce."

Ambaliyar bara ta rushe ɗakin Kaka. Ta fito da littafin a kanta, ruwa har ƙugu. Yanzu ƙafa ta gaza, ta ce ba za ta iya sake gudu da shi ba, kuma tana tsoron ta koma ga Allah da kayan wani. Shi ya sa ta ce in kawo shi nan ɗakin karatu a adana.

Na uku, roƙo ne. Na sa hotonsa a Facebook, na sa a TikTok. Don Allah ku yaɗa, ku tura wa na Biu, ku tura wa na Jos, ko Allah zai sa jikan Rifkatu ya gani.

Malam Tukur, ga saƙon Kaka: kada a rubuta "kyauta" a jikin akwatin gilashin da za a sa shi, don ba nata ba ne balle ta bayar. A rubuta "ajiya". Ranar da masu shi suka zo, a buɗe a miƙa musu.

Allah ya ba mu damina mai albarka ba ɓarna, ya mai da kowa gida lafiya, ya sa Kaka ta ji labarin mai ajiyarta da kunnenta.

Na gode.