Yayana da Jiƙon Kanwa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Daga Darki nake rubutowa, raina a ɓace.

Duk sanda yayana ya taka keke zuwa kasuwar Wudil, sai ƙirjinsa ya ɗaure, ciwon ya sauka hannun hagu, gumi ya keto masa. Da ya tsaya sai ya lafa. Shi kuwa wai ƙwannafi ne, sai ya jiƙa kanwa ya sha!

Da ƙyar na ja shi asibiti. Likita ya ce ƙwannafi yawanci abinci yake bi, da ƙuna da gyatsa mai tsami. Ciwon da wahala ke tayarwa, hutu ya kwantar, zuciya ake zargi. Gwaji kuma ya tabbatar.

Jiya na tarar bai taɓa maganin ba, ga kofin kanwa a hannunsa. Jama'a, yaya zan yi da shi?

Yaya, na san kana ji. Kanwar ce za ta riƙe maka 'ya'yanka?