Shekara Hamsin na Hazel Thackray Bisa Dandamali

Uwargida Shugabar Taro. Mai girma Magajin Gari, da sarƙarsa ta zinariya wadda na lura an goge ta musamman saboda yau. 'Yan majalisar gari. Rabaran, wanda ya yi mana alkawarin ba zai yi wa'azi ba. 'Yan wasa tsofaffi da masu tasowa. Masu jan labule, masu kunna fitila da masu ɗinkin kaya. 'Yan uwa maza da mata da kuka cika wannan gidan wasa duk da ruwan da ake tafkawa tun safe, barkanmu da yamma.

Ina godiya ga kwamitin da ya shirya wannan taro, ina godiya ga matan da suka toya kek ɗin da na ga wasunku suna ta leƙe, ina kuma godiya da aka zaɓe ni in yi magana. Ga matasan da ba su san ni ba, sunana Gordon Lumb. Ni ne mai sanƙon nan da ya shekara kusan ashirin yana zaune gefen Hazel Thackray a shirin safe na talabijin, tana magana yana gyaɗa kai. Mun taru ne domin Hazel ta cika shekara hamsin tana wasa, kuma ta gargaɗe ni tun a ƙofa. Ta ce, "Gordon, idan ka sa mutane kuka, zan tashi in karɓe abin maganar." Saboda haka zan yi a hankali.

Abu na farko, daga ina ta fito. 'Yar garin nan ce, an haife ta a saman shagon mahaifinta, marigayi Walter Thackray, mai suyar kifi da dankali a bakin teku. Tsofaffinmu suna tunawa da yarinyar da take naɗe musu kifi a takarda tana kwaikwayon muryar duk wanda ya fita daga shagon. Ba ta bar malamin makaranta ba, ba ta bar ɗan sanda ba, har uban nata ba ta bari ba. Tana da shekara goma sha tara ta zo wannan gida neman aiki, ana shirin wasan Kirsimeti. Mai gidan wasan na lokacin ya dube ta sama da ƙasa ya ce akwai gurbi ɗaya: doki. Kun san dokin wasan Kirsimeti, mutum biyu ne cikin riga ɗaya, ɗaya kai, ɗaya gindi. Hazel ba kai aka ba ta ba.

Ta koma gida ta shaida wa mahaifiyarta ta samu aiki. Uwar ta ce, "Gimbiya za ki fito?" Ta ce, "A'a Mama, amma ina kusa da ita." Uwar ta gayyato rabin unguwa, suka zauna a gaba, aka gama wasa ba su ga Hazel ba. Amma duk wanda ya kalli wasan ya fita yana zancen ƙafafun bayan dokin nan, domin na gaba suna tafiya, na baya rawa suke yi. Kafin shekara ta zagayo an fito da ita daga cikin doki. Daga nan sai Leeds, daga Leeds sai Landan, inda ta fito a baiwa, ta fito a sarauniya, ta fito a matar da ta zuba wa miji guba, har mijinta na gaske, Clive, ga shi can zaune, ya ce ya fara dafa shayinsa da kansa.

Abu na biyu, talabijin. A nan na haɗu da ita, kuma in faɗi gaskiya ban so zuwanta ba. Ni ɗan jarida ne mai ɗaurin wuya da takardu, aka ce za a kawo mini 'yar wasa. Wata guda bai cika ba na gane wa aka kawo wa wa. Labari ɗaya ya isa. Ana saura kwanaki Kirsimeti, muka gayyato wani bishop ya yi magana kan zaman lafiya, bayansa kuma wani manomi zai nuna mana talotalo. Shiri ne kai tsaye, ƙasa duka tana kallo. Bishop ya fara kenan, talotalo ya kuɓuce daga hannun manomi, ya tsallake kujera, ya dira kan tebur, ya tsaya yana kallon bishop ido cikin ido. Ni, jama'a, ban gudu ba, na dai ja kujerata baya har na fita daga hoto. Hazel ta miƙa hannu ta cafke shi, ta danne shi ƙarƙashin hammata kamar jakar kasuwa, ta ce, "Ci gaba, ranka ya daɗe. Shi ma zancen zaman lafiyar ya shafe shi, ya san wuƙar da ke jiransa ranar Alhamis, ranar Kirsimeti." Bishop ya yi dariya har ya cire tabarau.

Amma kada ku ɗauka dariya kaɗai ta iya. Na ga ta zauna da uwar da ta rasa ɗa a teku, na ga ta zauna da mutumin da aka rufe mahaƙar ma'adinan da ya yi wa aiki tun yana saurayi, kuma na ga abin da 'yan jarida da yawa ba mu iya ba: ta yi tambaya, sannan ta yi shiru ta saurara. Ko mai shirya shirin yana ihu a kunnenta cewa lokaci ya ƙure, sai ta zare abin kunnen ta ajiye kan tebur.

Abu na uku shi ne wanda ya sa na yarda in tsaya a nan. Shekara shida da suka wuce, da safe tana shirya karin kumallo, Hazel ta faɗi a ɗakin girki. Shanyewar ɓarin jiki ce. Hannu ya dawo, ƙafa ta dawo, magana ta ƙi. Matar da ta ci abinci da bakinta tun tana budurwa ta wayi gari ta san abin da take so ta ce, amma kalmar ba ta fitowa. Na je asibiti na same ta, na zauna ina ta surutu don in cika shirun. Ta dube ni, ta yi ta kokawa da harshenta, Clive ya riƙe hannunta, muka zuba ido mu ji kalmarta ta farko. Sai ta ce, "Gundura." Clive ya fashe da kuka, ni kuma ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Ta koyi magana kamar yaro, kalma bayan kalma, wata rana da ci gaba, wata rana da jifa da littafi. Da shekara biyu ta wuce ta ce za ta koma dandamali, a nan, a gida. Likita ya ce ta yi haƙuri. Clive ya ce ta yi haƙuri. Mai shirya wasan ya ce zai rage mata magana, ta fito ta faɗi kalma biyu ta koma. Ta ce masa, "Ɗana, in dai tsayuwa kawai kake so, ka sa fitila, ta fi ni haske." Ta karɓi babban gurbi, tsohuwa mai gidan baƙi wadda 'ya'yanta suke so su raba ta da gidanta.

Da yawanku kuna nan ranar Asabar ɗin da aka buɗe wasan. A tsakiyar wasa, a wurin da tsohuwar za ta ce wa 'yarta ta ɗora butar shayi a wuta, kalmar buta ta ɓace. Hazel ta tsaya, hannunta a miƙe. Daga bayan labule aka so a raɗa mata, ta ɗaga yatsa ta hana. Mun san idan ta juya ta fita, ba za ta sake hawa ba har abada, ita ma ta sani. Sai ta waiwayo ta dube mu ta ce, "Ku yi haƙuri jama'a, kalmar tana tafe. A motar haya ta taho." Gidan nan ya ɗauki dariya har rufi. Kafin dariyar ta lafa, ta juya ga 'yar wasan ta ce, "Buta. Ɗora buta, yarinya." Ta kai wasan ƙarshe ba ta sake tsayawa ba.

Da wata ce, da ta ce ta gama, ta koma gida ta huta. Hazel ta nemi mabuɗin ɗakin gwaji na baya. Duk ranar Laraba tun daga lokacin, mutanen da wannan ciwo ya ƙwace wa magana suna taruwa a can, suna karanta wasa tare, ba mai gaggauta wani, ba mai ƙarasa wa wani zance. Ga su nan a layi na biyu. A cikinsu akwai Malam Alfred Sugden, tsohon direban jirgin ƙasa, wanda ya zo mata ko sunan matarsa ba ya iya faɗa. A tsarin taro an rubuta ni zan kira Hazel ta hau dandamali. Ban yarda ba. Alfred ne zai kira ta, da bakinsa, da cikakken sunanta. Idan ya ɗauki lokaci, mu jira shi. Ba inda za mu.

Allah ya ƙara wa Hazel lafiya da tsawon rai, ya bar ta da Clive, ya ba Clive haƙurin zama da ita. Allah ya buɗe bakin duk wanda magana ta ƙi, ya ba na kusa da shi juriyar saurare. Allah ya raya wannan gida da masu aiki a cikinsa, ya mai da kowa ɗakinsa lafiya cikin wannan ruwa.

Alfred, dandamali naka ne.

Na gode.