Kogin da Bai Kai Teku Ba

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Daga Jarwal ta Makka nake sanar da duniya cewa an kayar da ni a gardama.

Wani alhajin Afirka ta Kudu da ya sauka gidana ya ce a Becuwanaland, ƙasar da ke maƙwabtaka da su, shanu sun fi mutane yawa, kuma akwai kogin da ke malala cikin hamada, ya zama fadamar giwaye, ya tsaya nan. Na ce, "Alhaji, kowane kogi sai ya kai teku, na karanta."

Matata ta ce daga bayan labule, "Malam, kai da ka baro Kano za ka yi hajji ka koma, ina ka tsaya?"

Tun ranar nake mafarkin ruwan nan. A gaishe mini da mutanen Kano. Alhaji ya fi ni gaskiya.