Manhajar Asibiti

A ɗakin jiran asibiti, wata dattijuwa ta leƙa kwamfutar saurayin da ke gefenta.

"Ɗana, wannan jan rubutun fa?"

"Gargaɗi ne, Mama. Ni na haɗa manhajar asibitin nan. Rabinta kayan kyauta ne na kwaso a intanet, wai an gano wata kafa da ɓarayi za su iya bi."

"To ka toshe mana!"

"Oga ya ce a fito da ita tukuna, gyara daga baya. Wata shida ke nan, ba abin da ya faru."

"Yanzu aka ce in sa bayanan ciwona a ciki. Kai ka sa naka?"

"Ni? A'a, takarda na cike."

"Miƙo min biron nan."