Ba Za Mu Hau Ba Sai An Sauya Taya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Dagaci, shugaban wannan zama, ranka ya daɗe. Malam Liman da malaman da ke tare da shi, Allah ya gafarta muku. Fasto da dattawan Gidan Buwai, da kuka tako da ƙafa tun hantsi, sannunku da zuwa, ina ƙara yi muku ta'aziyya. Alhaji Khalilu, shugaban direbobin tasharmu, da direbobi da masu faci da masu sayar da taya, iyayena maza da iyayena mata, 'yan'uwana masu matsar mai da suyar ƙuli, da duk wanda ya ajiye fartanyarsa ya zo, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa.

Ina godiya ga Dagaci da ya yarda mace ta miƙe a gaban manya. Ga wanda bai san ni ba, sunana Rahmatu, ni ce shugabar mata masu man gyaɗa a garin nan, kuma ina cikin motar da ta faɗi. Hannun nan na dama da kuke gani rataye a wuyana, likita ya ce ba zai sake matsa tunkuza ba. Idan kun ji muryata ta yi sama, ku yi mini afuwa, ba raini ba ne, zuciya ce take tafasa.

Na saurari waɗanda suka yi magana kafin ni. Kowa ya tashi ya ce ƙaddara, ya zauna. Ni Musulma ce, na yi imani da ƙaddara mai daɗi da mai ɗaci, kuma na san Marta matar Buwai ba za ta wuce ranarta ba. Amma ranku ya daɗe, akwai abin da Allah ya saukar daga sama, akwai kuma abin da aka ɗaura da sifana a bakin tasha, rana tsaka, mutane suna tafi. Na biyun nan na zo yin magana a kansa.

Batu na farko, yadda abin ya faru, domin kada a binne shi tare da mamaciya.

Sabo, direban motar, ɗan ƙanwata ne, a bayana ya yi barci yana jariri. Yanzu yana kwance da karayar ƙugu, kuma ban zo in tsine masa ba. Ramukan hanyar Kunci suka lanƙwasa masa rim, wato ƙarfen da taya take hawa, har aka gaji da bugun guduma. Kun san shekarun da muke ciki. Man fetur ya yi tsada, taki ya gagara, gidan da ake dafa tuwo sau biyu ya koma sau ɗaya. Sabo ya shiga birni neman rim daidai ƙarfinsa, wani mai kayan kwance ya nuna masa wasu masu ƙyalli da aka ciro daga babbar mota. Sabo ya ce masa, “Anya waɗannan ba su yi wa ƙaramar motata faɗi ba?” Mutumin ya ce, “Naka sha biyar, waɗannan sha biyar. Ɗauki ka tafi, ka yi sa'a.”

Ya kawo su nan. Kuɗin sababbin tayoyi babu, sai tsofaffin siraransa. Aka ɗora taya, ta ƙi kama bakin rim. Aka buga iska, iska ta zurare. Mai facin da ya yi aikin yana zaune a cikin taron nan, ba zan kira sunansa ba, ya san kansa. Da ya ga taya ta ƙi, sai ya yayyafa fetur a cikinta ya ƙyasta ashana, ta yi ƙara kamar bindiga, ta baje ta kama da ƙarfin tsiya. 'Yan kallo suka yi shewa, aka ce wannan gwani ne. Taya ta faɗa muku da bakinta cewa nan ba wurinta ba ne, kuka ba ta amsa da wuta.

Ranar kasuwar Kunci muka shiga, jarkokin mai cike da but ɗin mota, mu a matse a baya. Marta tana gefena da kwandon daddawarta a cinya. Tun 'ya'yanmu suna goye muke zama kafaɗa da kafaɗa a kasuwa, idan na tashi salla ita take tsare mini kaya, idan ranar cocinta ta zo ni nake sayar mata. Muna hawa kwalta ta ce, “Sabo, motar nan taka yau kamar rawa take yi.” Ya yi dariya ya ce, “Inna Marta, sababbin ƙafafu ne, ba su saba da hanya ba.” A kwanar da ke gaban gada, ƙafar baya ta faɗa rami, taya ta zame daga rim, iska ta fice gaba ɗaya. Mota ta juya, ta sake juyawa, ta tsaya a jikin ɗorawa. Jarkoki suka fashe. Manoman da suka sheƙo ceto sun yi ta kama mu muna sulluɓe musu, saboda mai ya wanke mu tun daga kai har ƙafa. Sai da suka shafa ƙasa a tafin hannu suka iya jawo Marta, kuma kafin a samu motar asibiti rai ya yi halinsa.

Batu na biyu. Ni ba makanikiya ba ce, amma da na iya tashi, ni da Buwai muka ɗauki rim ɗin da tayar muka kai Dawakin Tofa muka tambayi masu sana'ar, abin da ya kamata wasunku su yi tun farko. Ga su nan a gaban Dagaci, kowa ya zo ya taɓa. An nuna mana cewa kowace taya tana da lambobi a gefenta. Ta farko faɗinta ce, ta biyu tsayin gefenta, ta ƙarshe girman ramin da rim yake shiga. Sha biyar ɗin da ake ta faɗa ita ce ta ƙarshe kawai, ba ta ce komai a kan faɗi ba. Murfin ƙaramar tukunya ba ya rufe babba don kawai dukansu zagaye suke, ko yarinyar da ta fara koyon girki ta san wannan.

Sun ce wanda ya ƙara faɗin rim dole ya ƙara faɗin taya. Wanda ya ƙara faɗin taya dole ya rage tsayin gefenta, domin ƙafar mota ta tsaya yadda aka ƙera ta. Idan ya gama, ya yi lodi, ya murza sitiyari dama da hagu har ƙarshe, ya leƙa ya ga ko taya tana gogar jikin mota. Idan tana goga, wannan rim ba na motarsa ba ne, komai ƙyallinsa, komai arhansa. Sun kuma ce taya mai gajeren gefe ta titin birni ce, ba ta ramukanmu da lodinmu ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, ranku ya daɗe, shi ne bayanin nan duka bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Ba a ɓoye yake ba, a jikin taya yake rubuce, kuma kullum hannuwanku suna kansa.

Batu na uku, a gare ka ne Alhaji Khalilu, da girmamawa. An ce mu yi haƙuri, talauci ne. Mu za a koya wa talauci? Mu da muke tashi da asuba mu soya gyaɗa hayaƙi yana cin idanunmu, mu matse mai da ƙarfin ƙirji, mu kai kasuwa a yi mana tayin wulaƙanci? Duk tsananin nan, ko sau ɗaya ba mu zuba gurɓataccen mai a kwalba mun ce wa mai saye ƙaddara ce ba. Tasha tana karɓar kamasho a kan kowace mota kafin ta tashi. Akwai mai ƙirga fasinja, akwai mai ƙirga buhu, amma babu mai sunkuyawa ya dubi ƙafar da za ta ɗauke su. Kuma tun da aka ga motar Sabo tana ƙyalli, wasu motoci uku a tashar nan suka ɗaura irin rim ɗin da irin tayar. Jiya da idona na ga ɗaya ta yi lodin 'yan makaranta.

Saboda haka ga shawarar da matan garin nan da na Gidan Buwai suka yanke, kuma suka aiko ni da ita. A tsayar da motocin nan yau, ba gobe ba, har sai an mayar musu da ƙafafun da suka dace da su. A hana ashana da fetur a wurin faci. Tasha ta sa mutum mai duba taya kamar yadda ta sa mai karɓar kamasho. Idan ba a yi ba, ba za mu hau ba. Za mu ɗora jarkokinmu a amalanken shanu, wadda ba ta samu ba ta ɗauka a ka, mu isa kasuwa da azahar da ranmu, direbobi kuma su yi lodin kujeru.

Na ga an miƙe a baya. Ku ba shi hanya. Shago ne, ɗaya daga cikin masu motocin nan. Ajiye mukullin a gaban Dagaci, ɗana. Na san da motar nan kake ciyar da mahaifiyarka, na san abin da ajiye shi yake nufi a gidanku, Allah ya yi maka albarka ya buɗa maka. Sauran biyun ina ganinku, ku ma kuna ganina. Zan yi addu'a, amma ba zan zauna ba sai kun taso.

Allah ya ba Buwai da 'ya'yansa haƙurin rashin Marta, ya raya abin da ta bari. Allah ya tashi kafaɗar Sabo da sauran waɗanda suke kwance. Allah ya ƙara wa Dagaci lafiya da adalci, ya sassauta mana wannan tsanani, ya ba mu damina mai albarka. Allah ya sa duk wanda ya fita nema ya dawo ya tarar da iyalinsa, ya kuma mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.