Kilishin Dubiya

A tashar Haɗeja, cikin Fijo mai zuwa Kano, wani dattijo ya miƙa wa matar gefensa kilishi.

"Bismillah, Madam."

"Na gode, Baba, na daina ci. Likitan da ya yi wa mijina aiki ya ce yawan jan nama, irin kilishi da tsire, na iya jawo ciwon dajin hanji."

"Haba! Mu mahauta ne. Ni da yayana da nama muka girma, ga ni garau. Wannan ma nasa ne, dubiya za ni asibiti."

"Me ke damunsa?"

"Ciki ne kawai. Wai jini yake gani a bayan gida."

Sai dattijon ya daina tauna.

"Madam, mijin naki ya warke?"

Matar ta gyara baƙin ɗankwalinta na takaba, ta kalli taga.