Katangar da Ta Danne Injiniya

Shugaban ƙungiyarmu ta masu gini, dattawa da manyan baƙi, mai ɗakin marigayi Injiniya da 'ya'yansa, assalamu alaikum.

Ni magini ne. Shekara ashirin da shida Injiniya yana zana gida, ni ina ɗora bulo.

Ya kasance mutumin da ba ya yarda da ƙasa sai ya haƙa ta ya gani. Ya kasance idan ka ce ka zuba kankare, sai ya ƙwanƙwasa ya saurara. Mun sha yi masa tsiya cewa ko ruwan sha aka ba shi sai ya auna. Amma a unguwar gangare, gidajen da ya zana mana kyauta ba wanda ruwa ya ci.

Da ƙaninsa ya sayi fili a gefen tsauni, kowa ya ce wurin sai awaki. Injiniya ya zana gidan hawa-hawa kamar matakala: garejin mota a sama bakin titi, falo a tsakiya, ɗakunan yara a ƙasa, da katanga mai kauri da za ta tare tsaunin. Ƙafata ba ta hawa yanzu, sai aka ba wani ɗan kwangila aikin.

Ranar Talata da safe, bayan ruwan sama, ya kira ni a waya daga wurin ginin. Ya ce, "Magini, zo ka ga abin da aka yi mini." Kafin in isa, katangar ta danne shi.

Yanzu ana cewa zanensa ne ya yi kuskure. To, na shiga ɓaraguzan nan da kaina. Rodin da na gani bai kai rabin kaurin wanda ya rubuta ba. Ramukan da ya bari don ruwa ya riƙa fita, an toshe su da siminti. Ban kama sunan kowa ba. Amma me ya sa aka kira motocin kwashe ɓaraguzai gobe da sassafe? Saurin me ake yi?

Hajiya, ki yi haƙuri, amma kada ki sa hannu a kowace takarda. Ke kuma babbar 'yarsa, zanen asali yana hannunki, kada ki ba kowa aro, ko da ɗan'uwa ne. Mu magina gobe muna bakin filin, ba tsakuwar da za ta fita.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Injiniya, Ya raya zuri'arsa, Ya bayyana abin da ke ƙarƙashin ƙasar nan. Amin.